Duwatsun Filato da motar haya: ina za a je a dawo kafin magariba?

Bakanon Ƙofar Mata: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu wasu abokai ne 'yan Kano, mun saba hawa Dala da Goron Dutse da sassafe don motsa jini, to yanzu sun yi mana kaɗan. Muna so mu yi hutun ƙarshen shekara a Jos, mu hau duwatsun gaske. Sai dai babu mai mota a cikinmu, ga kuɗin shata tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai wane da wane. Waɗanne wurare ne mutum zai shiga motar haya daga cikin Jos, ya sauka, ya taka da ƙafarsa, ya dawo masauki a ranar? Mutanen Filato, a taimaka mana.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da Shere, kada ku wahalar da kanku da nisa. Tana gabas da gari, wajen kilomita 10. Ku je mahaɗar British, ku hau keke mai bin hanyar Lamingo, wadda take kaiwa sabon asibitin koyarwa na JUTH. Tun kuna cikin keken duwatsun za su tsaya muku a gaba. Inda ya ajiye ku, sauran aikin na ƙafa ne. Ƙololuwarta ta kai mita 1,829, amma kada lambar ta tsorata ku. Jos ɗin kanta tana kan wajen mita 1,200 ne, kun ga motar da ta ɗauko ku daga Kano ta riga ta yi muku fiye da rabin hawan.

Alhajin Kwari: Ni dai ina da tambaya. Me kuka ajiye a kan dutsen nan da za ku biya kuɗin mota ku je ku ɗauko? Kakanninmu gudun yaƙi ne ya hau da su dutse, da aka samu lafiya suka sauko. Ku kuma lafiya ce ta yi muku yawa?

Bakanon Ƙofar Mata: Alhaji, likita ya ce a rage tumbi. Kai ma da kujerar shago ta sake ka da mun tafi da kai.

Alhajin Kwari: Allah ya kiyaye. Ku gaida dutse.

Azi na Lamingo: Sannunku da zuwa tun kafin ku zo. Ni a gindin Shere aka haife ni, Afizere ne ni, waɗanda kuke kira Jarawa. Abin da Ɗan Gangare ya faɗa daidai ne, amma ya bar abu ɗaya. Shere ba dutse ɗaya ba ne, jerin duwatsu ne masu faɗi, kuma akwai mutane a ciki da gonakinsu da dabbobinsu. Babu allo a hanya da zai ce maka bi nan, kada ka bi can. Hanyar da za ka gani a ƙasa ta masu zuwa gona ce da masu itace, wani lokaci ta kai ka gonar acca ta ƙare a nan. Duwatsun kuma kamanninsu ɗaya, wanda ka yi alama da shi da safe, da yamma za ka ga irinsa ko ta ina.

Saboda haka ku nemi ɗan gari ya shige muku gaba. Ku biya ta wurin mai unguwa ku gaishe shi, ku ce ga abin da ya kawo ku. Ba wani dogon abu ba ne, gaisuwa ce da ɗan abin goro. Akwai wuraren da manyanmu ba sa so baƙo ya shiga, na al'ada ne, ɗan gari ya san su zai kauce da ku. Sannan akwai cibiyar horas da matasa ta gwamnatin tarayya a can, wadda ake kira Man O' War, sojoji ma suna zuwa atisaye a cikin duwatsun. Gara a san da zuwanku da a gan ku kwatsam a kan dutse, ku da yawa, da jakunkuna a baya.

Ɗan Gangare: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Na ɗauka wannan kowa ya sani ne.

Azi na Lamingo: Ɗan Jos ya sani. Su daga Kano za su zo.

Baba Direba: Yarana, bari tsoho ya sa baki. Na daɗe ina jan mota a hanyoyin nan, daga Jos zuwa Akwanga, daga Jos zuwa Shendam. Duk wanda ya ce muku ga wuri mai kyau, ku tambaye shi abu ɗaya: da wace mota zan dawo? Zuwa ba ya wuya. Da safe kowace tasha cike take da mota, ɗan kamasho har hannu zai ja ka. Dawowar ita ce magana.

Ku ɗauki ruwan Assop, wanda kowa yake ɗora hotonsa. Yana Hawan Kibo ne, wajen kilomita 60 daga Jos, a bakin babbar hanyar Abuja. Duk motar da za ta Akwanga ko Kafanchan za ta sauke ku a wurin, sai dai direba zai ce ku biya kamar kun kai gaba, don kujerarku ba lallai ya samu mai cike ta ba. To kun sauka, kun ga ruwa, kun yi hoto, la'asar ta yi. Motocin da suke hawowa daga Abuja cike suke tun daga tasha. Ga shi kuma babu direban da yake son tsayawa a tsakiyar Hawan Kibo, ga tirela a bayansa tana nishi, ga tanka tana gangarowa ba a san lafiyar birkinta ba. Kowa ya san hawan nan ya ci mutane. Sai ku yi ta ɗaga hannu motoci suna wucewa har duhu ya same ku a bakin daji.

Abin da za ku yi, ku fita da motar farko, ƙarfe 2 na rana ta same ku a bakin titi kuna neman ta dawowa. Ku tsaya inda mata suke sayar da kayan gona, nan ne mota take rage gudu. Idan babu mai zuwa Jos kai tsaye, ku shiga duk wadda za ta Riyom ko Mararrabar Jama'a, daga nan kun shigo gida.

Bakanon Ƙofar Mata: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan kam ba za a same shi a taswirar waya ba.

Oga Akawu: Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ku nawa ne? Idan kun kai cikin Sharon ɗaya, ai kun riga kun cika mota. Ku je tasha ku sayi kujerun gaba ɗaya, ku yi ciniki da direba ya jira ku ya dawo da ku. Idan aka raba kuɗin bai fi na haya da wani abin kirki ba, kuma kun huta da ɗaga hannu a titi.

Baba Direba: Oga, lissafinka na kan takarda ne. Kujera daban, jira daban. Direban da zai zauna maka daga hantsi zuwa la'asar ya rasa sawu biyu, kuma layinsa a tasha ya wuce. Duk wannan a kanka zai ɗora. Ban ce kada a yi ba. Akwai wurin da shata ce kawai mafita, kamar ruwan Kurra da ke yankin Barikin Ladi. Amma wurin da yake bakin babban titi, asarar kuɗi ce.

Oga Akawu: Asarar kuɗi ta fi asarar rai sauƙi, Baba.

Baba Direba: Wannan haka ne. Sai dai ka sani motar shata ma baƙuwa ce a ƙauye. Motar haya kuwa kowa ya san direbanta, ya san gidansu, mutanen cikinta 'yan garin ne. Idan akwai wani abu a gaba, a cikin motar za ka fara ji. Ni na fi natsuwa da baƙo yana zaune tsakanin mai buhun masara da mai kaji, da a gan shi cikin mota mai baƙin gilashi.

Maman Hanif: Don Allah ban da maza zalla, akwai inda mace za ta je da yara? Mu a Bukuru muke, yaran kullum suna ganin duwatsu ta taga, ba su taɓa zuwa gindin ko ɗaya ba.

Ɗan Gangare: Hajiya, ku je dutsen Riyom. Ga ku ma a kan hanya. Daga Bukuru ku shiga motar Riyom, za ta bi ta Mararrabar Jama'a da Kuru. Duwatsun nan ne da suke ɗore a kan juna kamar wani ya jera su da hannu, wasu suna cewa siffarsu ta yi kama da taswirar jihar. Ana hango su daga titi, tafiyar ba ta da yawa, kuma ba sai an hau ba, zagayawa ake yi. Ku dai ja wa yara kunne kan ƙeranar da mutanen Berom suke shinge da ita. Idan aka karya ta farin ruwa take fitarwa, in ya shiga ido ba daɗi.

Abu Sumayya: Ni dai shawarata ga 'yar'uwa, kada ta fita irin wannan tafiya sai da mai gidanta ko muharraminta. Ba wai ina hana yawon buɗe ido ba ne, tafiya a bayan ƙasa don ganin ikon Allah abu ne mai kyau. Amma zamani ya lalace.

Maman Hanif: Malam, da Baban Hanif za mu. Shi ne ma zai goya ƙaramin.

Abu Sumayya: To madalla. Allah ya tsare.

Malamin Jogirafi: Tun da an ambaci Riyom da Shere, bari in ɗan yi abin da na saba yi a aji, wanda ya gaji ya wuce. Duwatsun Filato ba iri ɗaya ba ne, kuma ƙafarku za ta gaya muku bambancin. Na Shere da Riyom da kewayen Jos ƙanƙararren dutse ne mai tauri, wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya fito fili, ya tsattsage ya zama manyan ƙwallaye. Hawansa na rarrafe ne da tsallake, kuma in ya jiƙe santsi gare shi. A cikinsa kuza take. Ita ce ta kawo kamfanonin Turawa a farkon ƙarni na 20, ita ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu daga Kano da Zariya da Bauchi aikin haƙa, ita ta sa aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Tashar wutar lantarki ta Kurra, wurin da Baba ya ambata, ita ma saboda kuza aka yi ta: kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, shi ya tare ruwan don ya ba ma'adinai lantarki.

Iri na biyu su ne duwatsun da suka taɓa aman wuta, irin na Kerang da Panyam a ƙasar Mangu, da wanda yake Miango. Su tsayayyu ne masu siffar tulin hatsi, ƙasarsu ja ce mai laushi, ana noma har kusa da samansu. Hawansu babu rarrafe, numfashi kawai yake ci.

Wani abu kuma, ruwan da kuke tsallakewa a can sama ba ƙaramin ruwa ba ne. Kogin Kaduna da kogin Gongola duk daga tudun nan suka samo asali.

Alhajin Kwari: Malam, za a yi jarrabawa ne a ƙarshe?

Malamin Jogirafi: Kai ka riga ka faɗi, Alhaji. Amma ga abin da ya sa na kawo maganar kuza. Duk inda kuka ga tafki mai kyau a fili, ruwansa kore shar, gefensa a tsaye, ramin haƙar kuza ne da aka bari ya cika da ruwa. Suna nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi. Ba su da gaɓa, taku ɗaya daga baki zurfi ne, ƙasan kuma laka. Sun ci yara da manya. Komai zafin da kuka ji bayan saukowa, kada wanda ya ce zai yi wanka a ciki.

'Yar Mangu: Na ji an zo garinmu, bari in karɓi baƙi. Yaya Bakano, idan kuna son ku ga ƙauyen Filato na gaske, ba bayan garin Jos ba, ku zo Kerang. A Mararrabar Jama'a hanya take rabuwa, ɗaya ta yi Riyom da Hawan Kibo, ɗaya ta yi Heipang inda filin jirgin sama yake, ta wuce Barikin Ladi, ta shiga Mangu, ta kai Panyam. Wannan ta biyun za ku bi. Motar Mangu ko ta Pankshin ko ta Shendam, duk ɗaya ne. Ku sauka a Mangu ko Panyam ku hau acaba zuwa Kerang. Ruwan SWAN da kuke sha a roba, daga gindin duwatsun nan yake ɓuɓɓugowa, kamfanin ma a can yake. Gaba kaɗan, wajen Ampang, akwai tafkin Ampidong, wanda yake zaune a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Sai ka hau ka leƙa sannan za ka gan shi.

Ranar Juma'a ce kasuwar Mangu. Ranar nan mota ba ta yankewa tun safe har yamma, manyan motoci suna lodin masara da dankalin Turawa, acaba ko ta ina. Ku da kuke Musulmi ga masallacin Juma'a a cikin gari. Ku hau dutse da sassafe, ku sauko ku yi salla, ku ci abinci a kasuwa, ku shiga mota. Amma kada ku ce za ku zo ranar Lahadi da safe. Mu duk muna coci, har masu acabar.

Baba Direba: 'Yata ta faɗi abin da na manta. Ranar kasuwa ita ce jadawalin motar ƙauye. Garin da za ka yini ba ka ga mota biyu ba, ranar kasuwarsa sai ka zaɓa. Kafin ku sa ranar zuwa ko'ina, ku fara tambayar yaushe kasuwarsu take ci.

'Yar Mangu: Idan kuma kuna da kwana na sayarwa, ku wuce Pankshin ku kwana. Ƙasar Ngas ce. Ku ga yadda suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu suna tare ƙasa don noma, aikin kakanni ne da har yanzu ake ci a kai. Garin da kansa a cikin duwatsu yake, kana fita daga masauki ka fara hawa, ba ka bukatar wani abin hawa. Sanyin can kuma ya fi na Jos cizo.

Ɗan Rikkos: Kowa yana ta zuba kamar ba a Filato muke ba. Ku gaya wa bayin Allah nan gaskiya mana. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba, suna dawowa daga Bauchi za su gida, aka kashe fiye da 20. A 2018 Janar Idris Alkali ya ɓace yana wucewa, a cikin kududdufin kuza aka ciro motarsa a yankin Du. Janar guda ke nan. Su kuma waɗannan samari ne Hausawa, baƙi, ba su san unguwar da ake shiga da wadda ba a shiga ba, ku ce su hau acaba su shiga ƙauye? Ni ban yarda ba. Su tsaya gidan zu da gidan tarihi su yi hoto su koma.

'Yar Mangu: Ɗan'uwa, ba ka faɗi ƙarya ba, amma ka faɗi rabi. Mu ma mun binne namu. A 2023 ƙauyukan Mangu da yawa sun tashi, a jajibirin Kirsimetin shekarar an kashe mutane sama da 100 a Bokkos da Barikin Ladi, a Janairun 2024 sai da aka sa dokar hana fita a Mangu. Babu gidan da bai ji a jikinsa ba, Kirista da Musulmi. Amma duk Juma'a Bahaushe yana zuwa kasuwar Mangu sayen masara, ya kwana, ya yi lodi ya tafi. Ba a daina rayuwa ba.

Ɗan Rikkos: Mai sayen masara an san shi, yana da dillali. Su wa ya san su?

Azi na Lamingo: To ai maganar da nake yi tun farko ke nan. Su ma su yi dillali. Baƙon da yake da mai masauki ba baƙo ba ne. Ni ba zan ce musu ko'ina lafiya ba. Yau lafiya, gobe wani abu ya faru a wani ƙauye, gari ya ɗauki zafi. Shi ya sa ba a yanke shawarar tafiya tun daga Kano. Ranar da za ku fita, da asuba, ku kira mutuminku na can ku ce yaya gari. Idan ya ce ku dakata, ku dakata, ko da kun riga kun biya kuɗin mota. Kuma akwai wuraren da ni kaina, ɗan ƙasa, ba zan kai baƙo yanzu ba sai da shiri na musamman: cikin ƙauyukan Barikin Ladi ta wajen Kurra, da lungunan Riyom da suke nesa da titi, da yankin Miango. Wuraren suna da kyau ƙwarai. A cikin Riyom akwai duwatsun Kahwang da suke jere kamar an yanka su da wuƙa a bakin rafi. Amma su jira wani lokaci.

Ɗan Rikkos: Idan haka ne da sauƙi. Ni tsorona a ce musu ku je kawai.

Shugaban Zaure: Jama'a, an faɗi abin da ya kamata a faɗa kan tsaro, kuma kowa ya yi magana da ladabi, na gode. Kada a wuce nan a shiga wa ya fara wa ya rama, akwai zaurukan da ake wannan. A koma kan hanya da mota.

Na Malumfashi: Ba wanda ya ambaci dutsen Wase. Ni shi nake gani a hotuna, tsaye shi kaɗai a fili. Ba za a iya zuwa a dawo ba?

Baba Direba: Ɗana, Wase ta haura kilomita 200 daga Jos. Sai ka wuce Pankshin, ka gangara daga tudun gaba ɗaya, ka bi ta Langtang. Motar ba ta tashi sai ta cika, ga shingayen jami'an tsaro a hanya. Zuwa da dawowa a rana ɗaya, ka yini a mota ne kawai. Kuma can ba sanyin Jos ba ne, zafi ne irin na Bauchi.

Malamin Jogirafi: Ƙari a kan haka, dutsen Wase ba a hawansa da ƙafa. Toshiyar bakin tsohon dutse mai aman wuta ce ta rage a tsaye, gefenta a miƙe yake kamar bango, tsayinsa wajen mita 300, sai masu igiya da horo. An kuma keɓe shi saboda tsuntsaye, kwasakwasa tana hayayyafa a samansa. Zagaya shi ake yi a kalla. Wanda zai je ya fara kai gaisuwa fadar Sarkin Wase, ya kwana a gari. Ya kuma sa takalmi mai rufi, don ƙasar Langtang da Wase ƙasar kububuwa ce. Ba banza ba asibitin Zamko da ke kusa da Langtang ya yi suna wajen maganin saran maciji.

Na Malumfashi: To na fasa. Hoton ma ya ishe ni.

Maman Hanif: Wani lokaci ne ya fi dacewa a shekara? Na ga Malam Bakano ya ce ƙarshen shekara, ni kuwa a Disamba ko wanki ba na son fita yi.

Ɗan Gangare: Hajiya ta taɓo inda nake so in zo. Disamba da Janairu sanyi ne na sosai, da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, a kan dutse ga iska. Wannan da sauƙi, rigar sanyi ta magance shi. Babbar matsalar hazo ce. Ka sha wahala ka kai sama, ka duba inda Jos take, ba ka ganin komai sai fari. Ciyawa ta bushe, an ƙona wasu wuraren, ruwan Assop ya ja baya. Damina kuma, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar ta fi kyau amma dutse yana da santsi, rafin da ka tsallake da safe kafin ka dawo ya cika, kuma tsawa a kan dutse ba abin wasa ba ce. Ni a wurina daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba babu kamarsa: ruwa ya ɗauke, ganye bai bushe ba, sama garau.

'Yar Mangu: Kuma makon Kirsimeti mota tsada take, kowa yana tafiya gida. Za ku yi kokawar kujera da masu buhun shinkafa.

Bakanon Ƙofar Mata: To ai kun rushe mana lissafi. Hutun da muke da shi ke nan, wasunmu malaman makaranta ne.

Ɗan Gangare: Ku zo a farkon hutun, kafin 20 ga wata. Hazo kuma sa'a ce, wata rana yakan yi sauƙi.

Azi na Lamingo: Idan hazo ya hana ku hangen nesa, akwai na kusa. A Laminga, gaba da mu kaɗan, akwai dajin Amurum inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ta Jami'ar Jos. Masana daga ƙasashe suke zuwa saboda wani ɗan jan tsuntsu da yake zama a cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban. Tafiyar ba ta da wuya, duwatsun ƙanana ne. Amma wurin karatu ne, sai an nemi izini, kuma ba a shiga da hayaniya ko kiɗa a waya.

Oga Akawu: Tun da an ƙi shawarata ta shata, ga ta kyauta. Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji. Ɗan acaba a ƙauye ba ruwansa da tiransifa, sabis ma yana ɗaukewa a bayan dutse. Ku riƙe katin shaida saboda shingaye. Kuma ku sani a cikin garin Jos da Bukuru an hana acaba tun 2012, keke ne da tasi, sai manyan bas na Tin City Metro da gwamnatin jiha ta kawo a 2024. Sai kun fita ƙananan hukumomi za ku hau acaba hankali kwance.

Baba Direba: Idan kun hau acaba zuwa gindin dutse, ku karɓi lambarsa, kuma kada ku biya shi duka. Ku ba shi na zuwa, ku ce na dawowa sai ya dawo. In kun biya gaba ɗaya, ya samu fasinjan wani gari, shi ke nan.

Abu Sumayya: A riƙe ruwan alwala daban da na sha. A kan dutse ba kullum ake samun ruwa ba, kada a sha duka a zo azahar ana kallon juna.

Bakanon Ƙofar Mata: Jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga yadda muka tsara da abokaina: mu iso Jos ranar Laraba, Alhamis mu yi Shere tare da Malam Azi idan zai samu dama, Juma'a mu yi Kerang saboda kasuwar Mangu, in mutanen can sun ce gari lafiya. Asabar Riyom, in da sauran ƙarfi mu ƙarasa Assop. Wase da Kurra sai wani jiƙon.

Baba Direba: Riyom da Assop a rana ɗaya, ku fara da Assop. Ku wuce can da motar farko, ku dawo ku sauka a Riyom, don daga Riyom ko da yamma ba a rasa motar Bukuru. In kuka juya shi, kun koma maganar da na yi ɗazu.

Azi na Lamingo: Alhamis ina nan. Ku zo da takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas, ban da sabon takalmin da ba a taɓa sawa ba. Ƙarfe 7 na safe mu haɗu, in rana ta ɗaga hawan yana ninkuwa.

Shugaban Zaure: Lambobin waya a tura ta akwatin sirri, kada a sa a nan.

Ɗan Rikkos: Wace hanya za ku biyo daga Kano? Ta Saminaka?

Bakanon Ƙofar Mata: Eh, daga Unguwa Uku za mu hau, ta Tudun Wada da Saminaka da Jengre.

Baba Direba: To ku je tasha ana idar da sallar asuba, ku shiga motar farko, ku ratsa dajin Falgore da rana tsaka. Za ta sauke ku a tashar Bauchi Road. In motar farko ta cika kafin ku zo, ta biyu ma ba laifi, amma wadda za ta tashi bayan azahar ku bar ta, ku kwana ku bi ta gobe.